Littafi Biyar, Injin Ɗinki Ɗaya

Kawu,

Ina gaishe ka da kyau, kai da Inna, da fatan takardar nan ta same ku lafiya. Yaya gwiwa? Umma ta ce har yanzu kana musu da likita a kan sanda, wai kai ba tsoho ba ne. Mu nan lafiya lau, sai ciwon bayan Umma, wanda ba ya tashi sai ranar wanki.

Na kira ka a waya, duk abin da na faɗa sai ka ce "iye?", har Inna ta karɓa ta ce in rubuto kawai, tunda injinan masana'antar takalma sun tafi da rabin kunnenka. To ga rubutu. Direban da ke kawo mana takarda yana bi ta wajenku, shi zai riƙa kai maka.

Ka san na daɗe a teburin duba kurakurai a maɗaba'armu, ni da jan birona. To shugaban sashen aiki ya ajiye muƙaminsa, Maigida, mai maɗaba'ar, ya kira ni ya ce in riƙe kujerar. Riƙon ƙwarya ne, kuma sharaɗin a fili yake. Wata ƙungiyar makarantu ta ba mu littattafan karatu biyar: lissafi, kimiyya, Turanci, tarihi da aikin gona, ana son su kafin yara su dawo daga hutu. In na fitar da su a kan lokaci, kujera tawa ce. In ban fitar ba, in koma teburina a ɗora Dogo, babban mai bugunmu, wanda tun ranar da aka ba ni yake gaishe ni da rabin baki.

Ina son kujerar nan, Kawu, ba zan ɓoye maka ba. Na gaji da gyara waƙafin mutane ina kallon ana ɓata aiki a gabana ba ni da ta cewa.

Amma ga inda nake. Injinan bugu uku muke da su, ba sa tsayawa. Ofishin Maigida a sama yake, da tagar gilashi mai kallon ƙasa. Da ya ji inji ya yi shiru sai ka gan shi a kan matakala yana tambayar wa ya rasu. Saboda haka muka fara duka biyar ɗin a tare, don kowane inji ya samu abin ci. Kowa gumi yake yi. Ni ce ta farkon zuwa, ni ce ta ƙarshen tashi, har kwali nake ɗauka da kaina. Kowace safiya ina tara su in tambaya ina aka kwana, kowa ya ce ana ciki. Ga shi hutu ya kusa rabi, kuma babu littafi ko ɗaya da zan ɗaga in ce wannan an gama.

Kai ka shugabanci ma'aikata fiye da shekarun da na yi a duniya. Me nake yi ba daidai ba? Kada ka lallashe ni, na san ma ba ka iya ba.

'Yarka,
Jan Biro, kamar yadda ka laƙaba mini

*

Jan Biro,

Takardarki ta iso, na karanta na sake karantawa da ƙarfi don Innarki ta ji. Muna lafiya. Gwiwa tana nan, ni ma ina nan, za mu ga wanda zai fara gajiya. Ido ne dai ya fara yi mini dishi-dishi, likita yana maganar aiki, ni kuma ina maganar a bari tukuna. Ki ce wa ƙanwata ta daina kai rahotona gari-gari.

Na yi murna da kujerar, murna sosai. Innarki har da hawaye, ni kuma na ce mata ta adana su sai an tabbatar.

Yanzu ki saurara. Ki daina tambayar su ina aka kwana. Babu wanda zai miƙe a cikin taro ya ce shi ne ya maƙale, balle a gaban sabuwar shugaba. "Ana ciki" gaisuwa ce, ba amsa ba. Gobe kada ki fara da injinan bugu, na san su ne masu ƙara, su ne ke jan ido. Je ki ƙofar da kaya ke fita, ki taho da baya-baya, ɗaki bayan ɗaki. Inda kika ga kaya sun taru suna jira, ki tsaya nan, ki ja kujera ma ki zauna.

A wajenmu masu yankan fata sun fi kowa sauri. Su yanka su tara, manya su zo wucewa su yaba musu. Amma masu manna ƙasan takalmi mutum biyu ne rak. Takalmi nawa ke fita a rana? Iyakar abin da mutum biyun nan suka manna. Sauran duk tarin fata ne da muke tuntuɓe da shi. Ku ma kuna da naku masu mannawar, ki nemo su.

Sai maganar biyar a tare. Yaro ba zai karanta rabin littafi biyar ba, amma zai karanta ɗaya cikakke. Ki zaɓi ɗaya ki kai shi ƙofa, sannan na gaba. Kuma ki ajiye kwalin nan, don Allah. Duk lokacin da kwali ke hannunki, babu mai kallon aikin gaba ɗaya, kuma don kallon aka ɗora ki.

Dogo ki bar shi da rabin gaisuwarsa, ke ki riƙa ba shi cikakkiya. Mutumin da ya sa rai bai samu ba yana da haƙƙin ya ɗan kumbura.

In kin duba duka kin ga ba za ki iya ba, ki hau sama ki gaya wa Maigidan tun da wuri. Ba abin kunya ba ne.

Ki gaishe da mutanen gida.

Kawunki

*

Kawu,

Ina fatan kuna lafiya, kuma ido ya yi sauƙi. Ka bari a yi aikin mana, tsoron me kake ji? Umma tana gaishe ka, ta ce rahoto yanzu ta fara.

Na bi maganarka. Na fara daga ƙofar baya, ban yi nisa ba na tsaya, don hanyar ma ta toshe. Ɗakin ɗinki ne. Takardun da aka buga an jibge su a kan katako har sun rufe taga, sai an kunna fitila da rana. A ciki akwai injin ɗinki ɗaya tal, da dattijon da ke ɗinki, wanda muke kira Baba, da mata biyu masu ninkewa da manna bango. Kullum ina wucewa ta ƙofar ɗakin nan, ban taɓa tsayawa ba, saboda su ba su da ƙara.

Na zauna da su wuni guda. Abin da na gani ya ba ni haushin kaina. Baba zai saita inji don littafin lissafi, ya fara, sai a turo masa na tarihi a ce shi ake so yanzu, girmansu kuma ba ɗaya ba. Ya kwance ya sake saiti, safiya ta tafi. Kafin ya yi nisa wani ya zo da na kimiyya. Da na tambaye shi me ya hana shi magana, sai ya ce ai kullum yana faɗa a taron safe cewa ana ciki, kuma gaskiya ne, a ciki yake, bai taɓa fita ba. Ni ce nake aiko masa da sauye-sauyen nan, don in nuna wa Maigida kowane littafi yana motsi.

Na san maganin. A kashe injin bugu biyu, a kwaso mutanensu su zo ninki da manna bango da yanka, Baba ya tsaya a kan littafi ɗaya har ya ƙare. Amma ka san Maigida da shirun inji. Ka kuma san mai bugu yana ganin ninke takarda aikin mata ne. Shin in kashe, ko in fara neman izini, alhali na san amsar da zan samu? Ka ba ni amsa da direban nan in ya juyo, lokaci yana ci.

Akwai kuma abin da ya tsaya mini a rai, gara in faɗa. Ka rufe takardarka da cewa in na ga ba zan iya ba in je in faɗa. Na karanta layin nan ya fi a ƙirga. Dogo yana ganin ba zan iya ba, na san da haka. Rabin ma'aikata ma haka, har Umma ta ce ko in haƙura da teburina tunda babu tashin hankali a can. Ban zaci har da kai ba. Kai ne ka fara ba ni jarida ina ƙarama ka ce in nemo maka kuskure. Ya yi mini zafi, Kawu. Ba zan hau sama in ce na kasa ba, ko da a ɗakin ɗinkin nan zan tare.

'Yarka

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Direba ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, hannu wofi. Ya ce ya tarar da gida a rufe, ya tura takardar ta ƙarƙashin ƙofa. Wayar Inna ba ta shiga. Umma ta ce wataƙila kun je wajen 'yan'uwan Inna, ni kuma zuciyata tana ce mini maganata ce ta ɓata maka rai. In haka ne ka yi haƙuri da yadda na faɗe ta, amma ban janye ba.

Tunda ban ji daga gare ka ba, na yanke da kaina. Na fara da Dogo. Na same shi shi kaɗai, na kai shi ɗakin ɗinki, na nuna masa aikinsa mai kyau yana shan ƙura, gefen wasu takardun har ya fara nannaɗewa. Na bar shi ya gama dubawa. Ya ja tsaki ya ce shi bai buga wannan don ya lalace a ƙasa ba. Na ce to taimaka mini mu fitar da shi. Ya ce shi ba zai ninke takarda ba, amma zai riƙe injin yanka, kuma yaransa za su yi abin da ya ce. Na karɓa da hannu biyu.

Da safe muka kashe inji biyu. Ban gama juyawa ba sai ga Maigida a kan matakala, hularsa a hannu. Ya tambayi abin da ya lalace, na ce babu. Ya tambayi wanda ya kashe, na ce ni ce.

"Ni na sayi injinan nan don su huta?" in ji shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, takarda muke bugawa, ba littafi ba. Ka ba ni zuwa ƙarshen mako. In ban ɗora maka littafin lissafi cikakke a kan tebur ba, ni da kaina zan kunna su, in koma teburina."

 Ya dube ni, ya dubi Dogo, yana jiran Dogo ya ce wani abu. Dogo ya sunkuya yana goge hannu da tsumma. Maigida ya ce ƙarshen mako, ya hau, ya buga ƙofa har gilashin ya amsa.

Littafin lissafi ya fita kwana ɗaya kafin wa'adin. Na kai wa Maigida, ya jujjuya shi, ya shinshina, ya ajiye a kan tebur. Yanzu muna kan kimiyya.

Sai dai na zauna na auna abin da injin Baba ke iya ɗinkewa a wuni da abin da ya rage, ko ta ina na biyo, huɗu nake gani, ba biyar ba. Ban gaya wa kowa ba. Ina ta neman dabara.

Don Allah ko layi ɗaya ne ka aiko, in san kuna lafiya.

'Yarka

*

Jan Biro,

Ki yi haƙuri da manyan haruffan nan, da ido ɗaya nake rubutu, ɗayan yana ƙarƙashin auduga. An yi aikin. Innarki ce ta haɗa baki da likita suka kwantar da ni, daga asibiti kuma muka zauna gidan ƙaninta don kusa da wajen wankin idon. Wayarta ta faɗa ruwa, ba ta son a sani. Mun dawo na tarar da takardunki biyu a bayan ƙofa. Ina samun sauƙi, har na ga ashe labulen ɗakinmu yana da furanni.

Fushi kuma? Ni da ke? Na dai ji ciwo da kika yi makonni da wannan a ranki. Ki sake duba abin da na rubuta. Maganar littafi biyar da ranar da aka sa muku nake yi, ba maganarki ba. Ke na san za ki iya tun kina gyara mini jarida. Rana ce ban yarda da ita ba, don wanda ya sa ta bai taɓa zama a ɗakin ɗinki ba. Laifina ne da na gajarta, na ɗauka kina cikin kaina.

Kin tambaye ni ko ki kashe inji. Da takardar ta same ni a kan lokaci, da na ce ki bi a hankali, ki nemi izini, ki jira ranar da Maigida yake cikin fara'a. Da kin bi tawa da har yanzu kina jira. Naki ya fi nawa, kuma yadda kika bi da Dogo ni ban taɓa tunaninsa ba.

Amma yanzu ga maganar da kika ƙi ji ta dawo. Kin ce huɗu kike gani, ba ki gaya wa kowa ba, kina neman dabara. Babu dabara, 'yata. Kin auna da kanki, kuma ke ba mai kuskuren lissafi ba ce. Abin da kike riƙe da shi yanzu ba naki ba ne. Na Maigida ne, na makarantun nan ne. Yau in suka ji, suna da abin yi: su zaɓi wanda zai jira, ko su kai shi wani wuri. Ranar buɗe makaranta in suka ji, ba su da komai sai zagi. Kowace safiya da kika yi shiru kina rage musu hanya.

Kin hana ma'aikatanki ce miki ana ciki. To kada ke ki hau sama ki faɗe ta.

Zai iya yiwuwa kujerar ta tafi, ba zan yi miki ƙarya ba. Na san abin da take a wajenki. Duk da haka ki hau.

Kawunki mai ido ɗaya

*

Kawu,

Sannu da jiki, sannu ƙwarai. Allah ya ƙara sauƙi, ya saka wa Inna da ta iya da kai. Umma ta yi dariyar labule har bayanta ya tashi ba ranar wanki ba. Ni kuma na ji kunya da na karanta takardarka, na kuma ji sanyi a raina. Ka yafe mini.

Na hau. Washegarin da takardarka ta zo, kafin in samu lokacin canza ra'ayi. Na ce masa huɗu za su fita a kan lokaci, na biyar ba zai fita ba, na nuna masa yadda na auna. Ya yi faɗa sosai. Ya ce a ƙara awanni, na ce inji ɗaya ne kuma Baba mutum ne. Ya ce mu yi shiru mu kai huɗu, na biyar mu ce yana hanya, kowa haka yake yi. Ya ma ce in na bar maganar a tsakaninmu, zancen kujera ya ƙare, tawa ce. Kawu, na ji maganar nan har cikin ƙashina. Na ce masa ba zan iya ba. Ka ga, ashe dai na faɗe ta.

Ya ce tunda bakina ne, in je da shi in gaya wa masu aikin da kaina.

Na je. Matar da ke kula da sayayyar makarantun ta bar ni a tsaye ta wanke ni tas. Da ta huce sai ta ɗauko tsarin karatunsu, ta ce lissafi da Turanci da kimiyya ba sa jira, tarihi ma haka, amma na aikin gona za ta janye ta kai wata maɗaba'a. Ta janye kuwa, har da takardun da muka riga muka buga. Maigida ya yi asarar aikin, ya daina amsa gaisuwata. Na kwashe 'yan kayana daga ofishin na mayar da su tsohon teburina, don kada ranar ta zo in kwashe a gaban mutane.

Huɗun sun fita. Na ƙarshe mun ɗora shi a mota ana saura kwana biyu yara su koma. Dogo ne ya ɗaure igiyar da kansa, ya juyo ya gaishe ni da baki cikakke. Baba ya buɗe tagarsa, ya ce ya manta akwai bishiya a wajen.

Jiya Maigida ya aiko a kira ni. Na hau da shirin sallama. Ya ce kada in zaci ya manta da littafin aikin gona, bai manta ba, ba kuma zai manta ba. Sai ya turo mini wani babban fayil. Matar nan ce ta aiko da littattafan zango na biyu, guda shida, ta ce a tambaye ni rana, ba ta son ta kowa.

"Shugabar aiki ce ke sa rana," in ji shi. "Daga yau ke ce. To yaushe?"

Biro yana hannunsa, yana jira in faɗi abin da zai rubuta. Na san ranar da yake son ji, tana kan harshena ma. Na ɗauki fayil ɗin na rungume, na ce sai na sauka na zauna da Baba da Dogo mun auna, zan kawo masa amsa jibi.

Ya ce, "Yanzu ba ki sani ba ke nan?"

Na ce ban sani ba tukuna.

Kawu, a ranar da aka ba ni kujera, a gaban Maigida, na ce ban sani ba. Ya mayar wa biron murfinsa ya ce jibin.

'Yarka,
Jan Biro